Ajiyar da Na Karɓa a Ƙaramar Ƙofa

Dakata, Kano.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata ka sauka Kaduna lafiya, ka sami masauki mai kyau, kuma waɗanda aka haɗa ka da su masu tsoron Allah ne. Allah ya tsare min kai a zaune da a tafe, ya tsare waɗanda za a ba ka tsaronsu.

Ka yi haƙuri da wannan doguwar takarda. Na san kana cikin horo, ana tashin ku tun asuba, ba ka da sararin zama kana haɗa baƙaƙen rubutuna na ajin yaƙi da jahilci. Da akwai yadda zan yi in bar ka ka huta, da na bar ka. Amma kafin a tsayar da kai a ƙofar sakatariya a ce rayukan mutane suna hannunka, akwai abin da ya wajaba ka ji game da gobarar ofishinmu na Bompai. Ina da hannu a cikinta, kuma shekara biyar ke nan wani ne yake ɗauke da laifina. Na yi niyyar in je in faɗa. Idan na faɗa abin zai iya taɓa aikinka, domin da sunana aka ɗauke ka. Shi ya sa na fara da kai.

Ka san aikina a can. Shara da safe, sannan in zauna a ƙaramar ƙofa ina duba jakunkunan mata, tunda bai dace Malam Ɗan'azumi maigadi ya sa hannu a kayan mace ba. Shi yana babbar ƙofa. Ofishin ƙarami ne, amma duk ma'aikacin da aka kora ko aka zalunta a Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, nan gwamnati ta ce ya kawo kukansa. A shekarar nan kamfanoni suka fara cewa ba su da kayan aiki, suna sallamar mutane rututu. Kullum kafin in gama shara layi ya kai bakin titi. Kai kana makarantar kwana a lokacin, ba ka ga fuskokin nan ba.

Wata Litinin aka bugo waya. Saratu ce ta ɗauka, mai buga tafireta, 'yar wajen Kafancan, wadda kake ce wa Anti, ita ce ta koya maka buga sunanka da yatsa ɗaya. Wani namiji ya ce mata ya ajiye bom a ofis, kowa ya fita. Muka fita a guje, wasu ba takalmi. 'Yan sanda suka zo suka ɗaga kujeru, suka leƙa silin, ba su ga komai ba. Daga ranar Oga ya kafa doka: ba wanda zai bar kaya a ƙofa, kowa a duba shi, kuma a rufe duk ƙofofin ginin sai ta gaba. Ƙofar baya ta ɗakin masu tafireta aka sa mata kwaɗo, aka ba ni mabuɗin saboda ta nan nake zubar da ruwan goge ƙasa.

Bayan mako biyu aka sake bugowa. Sannan aka sake. A na uku mutane suna tafiya a hankali zuwa gindin darbejiya, mai ƙosai ma ta gane, da ta ga mun fito sai ta matso da kaskonta. Saratu ta ce, "Mai bom ɗin nan ya san ranar da Oga ya tara min takardu. Allah ya yi masa albarka." Malam Ɗan'azumi ya ce, "Mu a Damagaram, in mutum zai yi maka ɓarna ba ya ɓata lokacinsa wajen neman waya." Kowa ya yi dariya, har da ni, ina rufe baki da mayafi.

Tun daga nan hannuna ya yi sanyi. Sai in taɓa jaka ta waje in ce a wuce. Saratu takan miƙo min tata ta ce, "Malama, jakar nan kin fi ni sanin cikinta. In kin ga jan bakina ki ba ni, tun makon jiya nake nema." Ni kuma in ce mata ta wuce, ta cika surutu. Ban ga aibun haka ba a lokacin.

Abba, za a bugo muku irin wannan wayar, wataƙila sau goma ba abin da ya faru. Ka ɗauki ta goma kamar ta farko. Ka rubuta abin da mutumin ya ce yadda ya faɗe shi, da ƙarfe nawa ne, da abin da ka ji a bayansa, ko inji ne ko kasuwa. Ka sanar da na gaba da kai nan take, ko da zai yi tsaki. Za a yi maka dariya, abokan aikinka za su sa maka suna. Ka bar su. Ni ma na yi dariyar, kuma har yau in na tuna sautinta sai in ji kunyar Ubangijina.

Yanzu ga abin da ya fi min nauyi. Na ajiye alƙalami na yi alwala kafin in iya ci gaba.

Baffanka Inuwa, Allah ya jiƙansa, ka san abin da ya yi mana bayan rasuwar mahaifinka. Shi ya riƙe mu, shi ya kai ka makaranta a bayan kekensa. Ka kuma san yayan miji ne a gare ni: ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ya daɗe a kamfanin fata na Challawa har maganin jima ya cinye masa farce, sannan aka sallame shi da 'yar takarda guda. Ya yi ta zuwa ofishinmu, kullum a ce masa ya dawo mako mai zuwa. In na hango shi a layi sai in shige ɗakin tsintsiya, don kada ya ga na gan shi a tsaye cikin rana.

Ranar Alhamis da hantsi ya zo ƙaramar ƙofa a kan keke, da wani abu a cikin buhu ya ɗaure a baya. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Rakiya, ga ajiya. Kananzir ne na gida. Zan shiga gari, ba na son yawo da shi. Anjima yara za su zo su ɗauka."

Na ce, "To, Yaya."

Ya ce, "Ki sa shi inda rana ba ta bugu."

Na ce, "To, Yaya. A sauka lafiya."

Iyakar maganarmu ke nan. Na ɗauki buhun da hannuna na kai ɗakin tsintsiya, wanda yake jikin barandar ofis. Galan ne babba. Ɗana, mace ce ni, tun ina yarinya nake zuba kananzir a fitila, hancina ya san kananzir. Wannan warin fetur ne. Na tsaya a kansa har ƙafata ta gaji. Na sa hannu a bakin buhun, na janye. Abin da na gaya wa kaina shi ne, tun a makarantar allo aka koya mana ajiya ba a buɗe ta, kuma zargin musulmi zunubi ne, balle wanda ya ci da marayanka. Na ce wataƙila warin motar da ta wuce ne. Da na fita na kira Malam Ɗan'azumi, taku ashirin ne tsakaninmu. Amma in ce masa me? In ce ina zargin yayan mijina? Sai na ja ƙofar na koma kujerata, na ɗauki carbi.

Na daɗe ina juya wannan a raina, ga abin da na gane. Akwai amanar da ta riga ta Baffanka zuwa hannuna, ita ce ta mutanen da suke cikin ginin, waɗanda suka zauna suna aiki hankali kwance don sun san ina bakin ƙofa. Ita ya kamata in duba. Ban duba ta ba, saboda ita ba ta da fuskar da zan ji nauyinta, shi kuwa yana tsaye a gabana. Na kira abin da na yi tsoron Allah, alhali kunyar mutum ce kawai.

Don haka kada ka karɓi ajiyar kowa a bakin aikinka. Ko limamin unguwarku ne, ko surukinka idan Allah ya kawo lokacin, ko ni da na haife ka. Ba sai ka yi rashin ladabi ba. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Baba, ku yi min aikin gafara, an hana mu, kuma ana kallona." Ka ɗora wa doka laifin, don haka aka yi ta. Idan dattijo ya zo da kaya, ka roƙe shi ya buɗe da hannunsa kai kana gani. Wanda yake da gaskiya zai yi fushi na yini ɗaya ya huce. Kuma idan hancinka ko idonka ya gaya maka abu, ka faɗa wa wani a take, tun kafin zuciyarka ta fara nemo wa abin uzuri. Tawa ta iya nemo uzuri ƙwarai, cikin ɗan lokaci ta kawo min guda uku.

Bayan azahar muka fara jin hayaniya daga wajen titin kamfanoni. Korarrun ma'aikata ne suka taho a haɗe, suna ɗauke da ganye, suna kiran Oga ya fito. Da farko magana suke nema. Malam Ɗan'azumi ya rufe babbar ƙofa yana ba su haƙuri ta tsakanin ƙarafa, yana kiran waɗanda ya sani da sunansu. Sai dutse ya fara sauka a kan kwano. Ina cikin wannan sai ga samari biyu sun turo ƙaramar ƙofa, ɗaya ya ce, "Inna, mun zo ɗaukar saƙon Baba Inuwa." Ba su jira amsata ba, kuma ba su tambayi inda yake ba, inda idona ya kalla kawai suka bi suka ɗauko shi. Ba waje suka yi da shi ba. Barandar gaba suka nufa.

Na gudu. Ba zan yi maka ado a kan wannan ba. Na bi matan da suka zo kawo ƙorafi muka fita ta ƙaramar ƙofa, na yi ta gudu har na wuce inda manyan motoci suke tsayawa a hanyar Dakata. A nan na tsaya ina haki, sai na ji wani abu yana bugun cinyata. Mabuɗin ƙofar baya ne, a ƙulle a bakin zanena inda nake ɗaure shi kullum don kada ya ɓata.

Wuta ta kama gaba, tagogin duk da ƙarafa, ƙofar baya da kwaɗo. Mutum uku ne a ɗakin tafireta. Kafin in koma hayaƙi ya rufe ko'ina. Malam Ɗan'azumi ne ya zagaya da ƙarfen da yake tokare ƙofa, ya yi ta dukan kwaɗon har ya karye. Ya fito da biyu suna tari. Ya koma ya jawo Saratu, hannayensa duka biyu sun ƙone. Ina tsaye da mabuɗi a hannu lokacin da aka shimfiɗe ta a gindin darbejiya. Kwana biyu ta yi a asibiti. Ta bar 'ya'ya biyu, ƙaramar ba ta daɗe da yaye ba.

Idan aka ce ku rufe ƙofa saboda tsaro, ka tambaya: in wuta ta tashi, na ciki ta ina za su fita? Ka tambaya ko da kai ne mafi ƙanƙanta a wurin. Ƙofar da aka rufe don na waje, dole na ciki su iya buɗe ta da kansu. Mabuɗi kada ya zauna a jikin mutum ɗaya, domin mutum yana tsorata ya gudu, ga ni. A rataye shi kusa da ƙofar, inda kowa ya sani. Ka san mutum nawa ne a kowane ɗaki, da wanda ba ya ji sosai, da mai ciki, da gurgu, in an fita ka ƙirga su. Takardu da injuna gwamnati za ta sayi wasu. Kuma idan taro ya zo muku da fushi, kada ka zage su, kada ka ɗaga musu sanda don a ce kai jarumi ne. Yawancinsu irin Baffanka ne, mutanen da aka gajiyar da su ana cewa su dawo mako mai zuwa. Ka yi musu magana da girmamawa, ka aika a kira 'yan sanda da wuri, ka fara fitar da mutane tun dutse na farko. Kai ma ka fita. Ba na son a kawo min yabo a madadinka.

Da aka zauna bincike, manya uku a bayan tebur, suka tambaye ni ko na ga an shigo da wani abu. Na ce ni mata nake dubawa, kuma ba macen da ta shigo da galan. Ka ga yadda na yi? Ban yi ƙarya da harshena ba, na zaɓi gaskiyar da za ta rufe ni. Game da mabuɗi suka ce ruɗewa ce, kowa zai iya. Sai suka juya kan Malam Ɗan'azumi, tunda shi ne maigadi. Suka ce ko dai ya yi sakaci ko an haɗa baki da shi, ga shi kuma ba ɗan ƙasa ba. Aka tsare shi wata da watanni da hannayensa a naɗe, sannan aka sake shi ba aiki. Ni kuwa aka mai da ni sabon ofis, Oga yana nuna ni ga baƙi yana cewa, "Wannan ita ce Malama Rakiya, ko allura ba ta wuce ta." Da ka nemi aikin nan, shi ya rubuta maka takardar shaida. A gabana ya ce, "Ɗan Rakiya ne, ba sai an bincika ba."

Baffanka bai taɓa tayar min da maganar ba, ni ma ban taɓa ba. Ya ci gaba da zuwa duba mu ranar Juma'a, in durƙusa in gaishe shi, in kawo masa ruwa. Sai dai ya daina shiga sahun gaba a masallaci, haka maƙwabta suka ce. Bara da ciwonsa ya yi tsanani ya sa aka kira ni, ya ce, "Rakiya, ki yafe ni." Na ce, "Na yafe, Yaya. Ni ma a yafe ni." Bai ce a kan me ba. Ban san iyakar abin da ya sani game da niyyar yaran ba, ko ya ɗauka tsoratarwa kawai za su yi. Wannan tsakaninsa ne da Mahaliccinsa. Kada ka daina yi masa addu'a, ya so ka so na gaskiya.

Ina tsammanin da na mutu da maganar nan a cikina, ba don ranar da na raka ka tashar Na'ibawa ba. Motarku tana tashi, na juya zan nemi ta komawa, sai na ji an ce, "Malama Rakiya, ko idona ne?" Malam Ɗan'azumi ne, zaune a kan benci da faifan goro a gabansa. Ya tsufa sosai. Yatsunsa sun manne da juna, da gefen hannu yake tura wa mutane goro. Muka gaisa, ya tambaye ka. Na ce yanzu ka tafi Kaduna, aikin tsaron sakatariya. Ya yi murna har da tafa cinya.

Ya ce, "Ashe ɗan namu ya gaje mu. To ki gaya masa ya buɗe ido, kada ya zama irina."

Na ce, "Haba Malam, kai da ka shiga wuta."

Ya ce, "Shiga wuta ai mai sauƙi ne. Ni abin da yake hana ni sukuni, har yau ban gane ta ina galan ɗin nan ya wuce ni ba. Tun safe ban tashi daga ƙofar ba, ko fitsari ban je ba. Kullum in na idar da salla sai in sake bin mutanen da suka shiga ɗaya bayan ɗaya. 'Yar mutane ta mutu a kan sakacina, ban ma san a wace sa'a na yi shi ba."

Ya zaɓo goro mai kyau ya ba ni, ya ƙi karɓar komai. Ya ce kafin damina zai koma Damagaram gaba ɗaya, ƙirjinsa ba ya son Kano yanzu. Na karɓi goron na yi godiya na tafi. Ko a nan ban iya buɗe baki ba. Wannan ne kuskurena na baya-bayan nan, kwanansa tara yau.

Ka faɗi gaskiya ranar da aka tambaye ka, Abba, dukkanta, har da ɓangaren da ba a san a tambaya ba. A ranar tana da ɗaci, amma mutum ɗaya take ƙonawa. Tawa da na ɓoye, dattijo ne yake tashi da ita yana kwana da ita, yana tuhumar kansa a kan sallaya.

Ga abin da na yanke. Zan je wurin Malam Ɗan'azumi in gaya masa ta inda galan ya shiga. Zan je wurin Oga in faɗa a rubuta, a wanke sunansa. In Allah ya ba ni ƙarfi zan nemi mijin Saratu a Sabon Gari. Ban san abin da zai biyo baya ba. Wataƙila a sallame ni, wataƙila a kira ni gaban hukuma, waɗannan na shirya musu. Wanda ban iya shirya masa ba shi ne naka. Oga mutum ne mai zafi, yana iya aikawa Kaduna ya janye shaidarsa, kai kuwa ba ka yi komai ba. Na san yadda ka sha wahala kafin ka sami aikin nan, na ga takalman da ka kashe.

Ba zan fasa ba, kada ka roƙe ni in fasa, don in ka roƙa ban san ko zan iya tsayawa ba. Abin da nake so ka zaɓa shi ne wannan: ko ka fara zuwa wurin shugabanka ka gaya masa da bakinka, ya ji daga gare ka kafin ya ji daga Kano, ko in je kawai mu bar wa Allah sauran. Ni na fi son na farko, amma kai ne a wurin, ka fi ni sanin mutumin. In kuma ranka ya ɓaci da ni, ka rubuta hakan ma, zan karanta. Ka tashi kana jin ana cewa uwarka mai amana ce, yau na karɓe maka wannan, ban kuwa da abin da zan ba ka a madadinsa sai abin da na rubuta a nan.

Allah ya tsare ka daga sharrin wuta da ƙarfe da taron da ya fusata. Allah ya sa duk wanda ya shiga ta ƙofarka da safe ya koma wa iyalinsa da yamma. Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar da ban samu ba, ya yi maka albarka duniya da lahira. Ƙannenka suna gaishe ka, ba su san komai ba tukuna.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma, Malam Ɗan'azumi kuwa ba zai jira ruwa ya sauka ba. Ka ba direban motar Kano amsarka kada ka sa a gidan waya, ko layi biyu ne. Don Allah ka amsa min cikin makon nan.

Mahaifiyarka,
Rakiya.